Dokin Miron

Duk wanda ya tashi a Kaminka ya san Orest Pidhirni da ɗaukar kaya. Gonar ubansa irin gonakinmu ce na wannan yanki na Manitoba, waɗanda duwatsu suka fi alkama yawa a cikinsu. Kowace shekara in ƙanƙara ta narke sai ƙasa ta amayo sababbin duwatsu, a bi a tsince kafin a sa garma. Sauran yara da kuka ake kora su wannan aiki. Orest kuwa manyan yake zaɓa, ya rungume su a ciki ya kai bakin gona, ya dawo yana fito abinsa. Makaranta ba ta karɓe shi ba, shi ma bai matsa mata ba. Ya yi saran itace a dajin arewa, ya yi dakon buhuna a ma'ajiyar hatsi ta tashar jirgin ƙasa, daga baya ya dawo gida ya kama noma. In mota ta kafe, ko saniya ta faɗa rami, ko za a shigar da firji ta ƙaramar ƙofa, ba a dogon tunani, Orest ake kira.

Matarsa Halya ita kuma Allah ya yi ta da bin ƙwaƙƙwafi. Kaza ba ta mutuwa a gidanta a jefar haka nan, sai ta feɗe ta ta ga abin da ya kashe ta. Agogon bango ya taɓa tsayawa, ta kwance shi a kan teburin kicin, aka yi mako ana cin abinci a tsaye. Mata suna cewa abin da ya sa ta auri Orest ke nan: ta ga ƙato shiru-shiru, ta rantse sai ta ga abin da ke cikinsa. Shekara hamsin da ɗoriya suna tare, kuma ita da bakinta ta ce ba ta gama gani ba.

Amininsa Miron Zaharko ne, ɗan siririn mutum mai bakin tsiya. Shi ya riƙe Lesya, 'yar Orest, ranar baftismarta, don haka kum suke kiran juna, kamar yadda uban yaro da uban baftisma suke yi. Wata kaka, suna da ƙarfinsu, injin da ke zuƙar hatsi zuwa rumbu ya cafke wa Miron ƙafar hagu. Orest ne ya goya shi ya ratsa gona da shi har bakin titi. Rai ya tsira, ƙafa ta tafi. An yi masa ta roba, ya sa ta 'yan kwanaki, ya ce ƙaiƙayi take masa a inda babu nama, ya rataye ta a gareji.

To, cocinmu kakanni suka gina ta a kan tudu, suka yi mata matakala masu tsayi, sai ka ce so suke a fara shan wahalar shiga aljanna tun daga ƙofa. Kwamitin coci ya shekara talatin yana zama kan yadda za a yi wa keken guragu hanya, kuma har yau ana kan tattaunawa. Don haka duk Lahadin da Fada ya zo, sau ɗaya a wata, Orest yana tsaye a gindin matakala yana jira. Motar su Miron na tsayawa sai ka ji murya.

"Kawo bayan nan, doki!"

"Hau, buhun dankali. Jiya ma ka cinye na gidanku ka haɗa da na maƙwabta ko?"

A tsakiyar hawa akwai matakala ɗaya mai tsaga. Nan Orest yake tsayawa ya gyara goyo, ya ce, "Kum, ka daina rinjayata dama."

"Ta hagun tana cikin rumbu, je ka ɗauko ta in daidaita. Doki ba ya surutu. Tafi!"

Haka ake yi ba fashi. Jariran da aka haifa bayan fara wannan goyo sun yi furfura, amma har yanzu mutane sukan ɗan dakata a waje don su ji a kuma.

Mantuwar Orest ta shigo ne a hankali, bayan ya ba saba'in baya da nisa. Ya fara da kai wa shanu ruwa, shanun da aka sayar tuntuni. Sai ya tsince duwatsun gonar da ta riga ta zama ta maƙwabci, kuma maƙwabcin, mutumin kirki, bai ce uffan ba sai da aka gama. Wata safiya Halya ta tarar da injin wanki a tsakiyar lambu, tsakanin kabeji da albasa.

"Orest, me wannan yake yi a nan?"

"Cewa aka yi a kai."

"Wa ya ce?"

Ya dubi tafin hannayensa ya daɗe, kamar amsar tana can. Daga baya sunanta ma ya ɓace masa, ya koma kiranta baiwar Allah. Cikin ladabi yake faɗa, kuma ladabin ne ya fi yi mata ciwo.

Lesya, wadda ke aiki a Winnipeg, ta kai su wurin likita. Likitar ta ba shi wani ƙarfe mai allura ta ce ya matse. Ya matse, allura ta tafi ƙarshe ta tsaya. Ta girgiza abin, ta ce ya sake, ya sake. Sannan ta ba shi takarda ta ce ya zana agogo. Ya yi da'ira mai kyau, ya zauna yana kallonta, bai san abin da ake zubawa a ciki ba.

Halya ta matso da kujera. "Likita, me ya haɗa matsar ƙarfe da ƙwaƙwalwa?"

Likitar ta ce sau da yawa tsofaffin da hannunsu ke da ƙarfi hankalinsu ya fi daɗewa a jikinsu, shi ya sa ake gwadawa.

"To ga hannu nan. Ina hankalin?"

"Abin da aka fi gani na faɗa miki, ba alkawari ba ne. Wataƙila ma ba don ƙarfin nan ba, da tuni abin ya same shi."

Amsa ce ta gaskiya, amma ba ta ƙosar da Halya ba. Duk hanyar komawa gida tana kallon hannayensa a kan gwiwa, manya, masu kanta, babu abin da ya rage su. Tambaya ɗaya take juyawa a ranta: shin mutum duk a kai yake zaune, ko akwai wani ɓangarensa da ke ajiye a wani wuri?

Amsa ta fara leƙowa ranar da ta zame a lambu, gwiwarta mai ciwo ta ƙi tashi. Orest ya zo ya sunkuce ta. Yana ɗaga ta ya tsaya, ya ɗan jijjiga ta kamar mai auna buhu.

"Halya, pirohin nan da kike ci fa ya fara nuna kansa a jikinki."

Rabon da ta ji sunanta a bakinsa tun sanyin bara. Ta ƙanƙame wuyansa, tana tsoron ko numfashi mai ƙarfi ya kori abin. Kafin ya dire ta a kujera ya koma tambayar baiwar Allah ko ta ji ciwo. Ta yi kukanta ta share, sannan halin bin ƙwaƙƙwafin ya motsa. Washegari ta sa shi ɗaukar tsohon keken ɗinki na mahaifiyarsa. Da ido bai san shi ba, amma yana ɗagawa ya ce, "Na Mama ne. A bi a hankali, ƙafar baya tana rawa." Ta gwada shi da kujeru da tukwane da kyanwa, wani ya sani, wani bai sani ba. Da Lesya ta zo hutu, Halya ta ce ta tsaya ubanta, wanda take kira Tato, ya ɗaga ta.

"Haba Mama! Ni fa na kusa hamsin, kuma ba buhun gari ba ce."

"Sau ɗaya kawai, in ga wani abu."

"Ki ga wani abu a jikin kajinki."

Da kaka ta zo ciwo ya kwantar da Miron, aka tafi da shi asibiti a birni. Nan sabuwar wahala ta fara. Ranar coci Orest zai je gindin matakala ya kafe. Kowa ya shige, a fara waƙa, shi yana nan cikin dusar ƙanƙara, hula a hannu.

"Orest, mu shiga, sanyi zai kashe mu."

"Kum bai iso ba. Wa zai hau da shi?"

Mutum uku ba sa iya gusar da shi, sun gwada. Wata Lahadi har kunnensa ya daskare ya yi fari fat. Halya ta daina jin huɗuba, tana waje tana naɗa masa mayafi. A gida ma kullum sai ya tambaya ko yau ce ranar ɗaukar kum.

Miron ya rasu a farkon narkewar ƙanƙara. Halya ta zaunar da mijinta ta faɗa masa. Ya yi kuka irin na yara, kafaɗun nan suna girgiza. Kafin shayi ya huce ya ɗago ya tambaya ko kum zai zo. Ta sake faɗa masa da yamma, ya sake yin kukan daga farko, kamar bai taɓa ji ba, ya sake mantawa. Ba ta iya yi karo na uku ba. Ta gane cewa duk abin da ya shiga ta kunne ba ya zama. In ba a sami wata ƙofa ba, haka Orest zai ƙare rayuwarsa a gindin matakala yana jiran wanda ba zai zo ba.

A wurinmu dangi na jini ba sa ɗaukar gawar nasu, don haka 'ya'yan Miron da jikokinsa ba sa cikin lissafi. Mutum shida ake so, ga Kaminka ta zama garin tsofaffi. Aka tattara, aka kakkaɓe, aka sami biyar. Maganar ta taso a kicin ɗin Nadiya, matar marigayin, inda mata suka taru suna naɗe pirohi, ƙullun fulawa da ake cusa wa dankali a dafa, wanda za a ci bayan jana'iza.

"Mai motar gawa ya ce zai zo da ma'aikacinsu ya cike," in ji Lesya.

Halya ba ta ɗago daga ƙullun da take murzawa ba. "Ga Orest."

"Mama, don Allah."

"Akwai wanda ya kai shi ƙarfi a cikin biyar ɗin? Ɗaya ma an yi masa aiki a gadon baya."

"Ba ƙarfi ake magana ba. Kin manta kabad ɗina? Muna tsakiyar bene Tato ya ga tsuntsu a taga ya sake shi, ya tafi kallo. Da ƙyar na tsira da ƙafata. Ki yi tunanin haka a gaban coci, da Baba Miron a ciki."

Kowa ya san gaskiya ta faɗa.

Lesya ta sassauta murya. "Kuma gwaji kike son yi, na san ki. Tato ba agogon bango ba ne."

Maganar ta soki Halya, domin akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tana son ta gani, ba ta musu ba. Amma ba ita kaɗai ke nan ba. Ta ce, "Ke kina birni. Ni nake tsayuwa da shi a sanyi. Na faɗa wa kunnensa, bai riƙe ba. Bari a faɗa wa hannunsa."

Nadiya ta goge gari a jikin zanenta na aiki. "Baƙo ba zai hau da mijina matakalar nan ba alhali dokinsa yana da rai. In ya yar da shi, ya yar. Miron zai fi kowa dariya."

Ranar jana'iza gari ya waye da laka ko'ina. Halya ta sa wa Orest baƙar kwat ɗinsa, wadda har yanzu take matse shi a kafaɗa. Ta ɗaura masa maɓalli. Ta yi ta tambayar kanta: in ya saki akwatin, da wane ido za ta dubi Nadiya? In kuma ya gane, ai ita ce ta kai shi ga ciwon da hannunta.

"Wa ya rasu, baiwar Allah?"

"Kai dai ka ɗauka."

Da ƙafafu ake fara shigar da gawa, don haka masu riƙe da wajen kai su ne a ƙasa in ana hawa, kuma kansu nauyi yake komawa. Can aka sa Orest. Ya kama mariƙin akwatin ba tare da an nuna masa ba, ya gyara tsayuwa, ya jira na gaba su ɗaga. Fada ya wuce yana waƙa. Lesya ta riƙe damtsen uwarta har farce ya shiga.

Suka fara hawa. Orest yana tafiya daidai, idonsa a ƙasa, fuskarsa babu komai, irin fuskar da yake yi in yana ɗauke da firjin mutane. Sai ƙafarsa ta sauka a kan matakala mai tsaga. Ya tsaya cak. Dole sauran biyar suka tsaya, akwati a karkace a tsakiyar hawa.

Halya ba fuskarsa take kallo ba, yatsunsa take kallo. Ya ɗan ɗaga kafaɗa, ya jijjiga mariƙin kamar mai gyara goyo.

"Kum," ya ce da ƙarfi, "ka daina rinjayata dama."

Babu mahaluki a wurin da bai san amsar ba, kuma babu wanda ya iya buɗe baki. Waƙar Fada ta mutu a bakin ƙofa. Orest ya karkata kai yana jira. Mai ciwon bayan nan ya fara nishi, nauyin ya zamo baya. Halya ta ga yatsun mijinta sun ƙara damƙewa har gaɓoɓin suka yi fari. Kusan shi kaɗai yake riƙe da rabin akwatin.

"Kum?"

Daga saman matakala Nadiya ta ce, "Doki ba ya surutu. Tafi."

Ya ɗaga kai ya dube ta. Ya dubi katakon da ke dab da kumatunsa. Ya sake dubanta.

"Nadiya. Shi ne a ciki?"

"Shi ne, Orest."

Ya ɗan ɗaga mariƙin, ya sauke, a hankali. "Ya rame."

"Ya rame ƙwarai."

Hawaye suna zuba a kan kwat ɗin, bai saki hannu ya share ba. Ya ce wa na gaba, "Mu je. Ku bi a hankali da shi." Ya hau da amininsa har gaban bagade, bayan addu'a ya sauko da shi, ya ratsa laka da shi zuwa makabarta, ko tuntuɓe bai yi ba.

A zauren cin abinci kuwa ya share faranti biyu, ya tambayi na kusa da shi bikin auren wa ake yi. Halya ta ajiye cokalinta. Lesya ta zo ta zauna kusa da ita, ba ta ce ai na faɗa miki ba, ta dai tura mata kofin shayi. A ɗaya teburin maza sun kaure da gardama. Wasu suka ce akwatin katako mai nauyin nan ba wanda zai ji rashin ƙafa ɗaya a cikinsa, tsagar matakalar ce ta tuna masa. Wasu suka ce ba su san hannun Orest ba ne. Ita kanta Halya, da jajayen idanunta, sai da ta tare mai motar gawa a bakin ƙofa ta tambaye shi ko akwatin mai ƙafa ɗaya yakan rinjaya. Mutumin ya ce tun da yake aiki ba a taɓa yi masa wannan tambaya ba.

Cikin makonnin da suka biyo Orest bai ambaci kum ba. Halya ta lura, amma ba ta yarda ta sa rai ba, don wani lokaci yakan yi kwanaki bai ce komai a kan komai ba. Ta jira Lahadin zuwan Fada.

Ranar ta ɗauko mayafi mai kauri saboda tsayuwar waje, ta riƙe shi a hannu. Suka sauka daga mota, suka nufi tudun. Tana biye da shi tana jan gwiwa, tana kallon bayansa. Ya isa gindin matakala, wurin da takalminsa ya yi shekara da shekaru yana tsayawa. Bai tsaya ba. Ya sa ƙafa ya fara hawa, ita kuma ta kama ƙarfen gefe ta bi shi da ƙyar.

A kan mai tsagar ya dakata har ta iso. Ya juyo ya dubi wurin da motoci ke tsayawa, sannan ya dube ta.

"Baiwar Allah, wa za a ɗauka yau?"

"Babu kowa, Orest."

"Na sani," ya ce. "Tambaya kawai na yi."

Ya juya ya ci gaba da hawa, hannayensa suna lilo a gefe, babu komai a cikinsu. Abin da ta nema ke nan, kuma ta samu. Halya ta zauna a kan matakala mai tsaga, ta cusa fuska a cikin mayafin da ta kawo masa, ta yi kuka har aka fara waƙa a ciki.